Safiyar da Babura Suka Nufi Gonar Dawa

Inna, uwar maigidana, ba ta iya karatu ba, amma ita ce mai dokar karatu a gidanmu. A gidan Maguzawa aka haife ta, can bayan Kafur, sai da ta yi 'ya'ya ta zama Kirista. Kullum da safe, kafin a hura wuta, nakan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta in buɗe Littafi Mai Tsarki. Aya biyu ko uku kawai take yarda in karanta, in maimaita, sannan mu rufe ido mu yi shiru. Ta ce Maganar Allah ba fura ba ce da za a kwankwaɗe, sai an yi ta tuƙa kamar saniya. Ba mai motsi sai ta ce amin. Ni kuwa mai gajen haƙuri ce, sau da yawa ina shirun nan ina tunanin wanke-wanke.

A shekarun nan da 'yan bindiga suka addabe mu, shirun ya zama mini azaba. Da na rufe ido sai kunnena ya buɗe. Kukan kaza, faɗuwar kwano, komai sai gabana ya faɗi.

Wata safiya da kaka, maigidana ya yi sammako zuwa gonarmu ta bakin daji yankan dawa, shi da Malam maƙwabcinmu, da yake gonakinsu iyaka ɗaya. Na roƙe shi ya bari, ya ce dawar ba za ta yanka kanta ba. Mun gama karatu ke nan, mun rufe ido, sai na ji babura. Wanda duk ke zaune a yankinmu ya san bambancin ɗan acaɓa da wannan rugugi. Suna da yawa, ba sa tsayawa, kuma hanyar gona suka bi.

Ban jira amin ba. Na faɗa ɗaki na rarumo waya, na nemo lambar maigidana, yatsana na kan dannawa sai na tsaya. In ya ji su ya kwanta cikin dawa, ƙarar wayar ce za ta nuna musu inda yake. In kuma bai ji su ba, ni ce ban gargaɗe shi ba. Na tsaya tsakar ɗaki, na rasa wanda zan zaɓa.

"Dawo ki zauna," in ji Inna daga waje. "Sake karanta mana."

Na ji haushinta ƙwarai. Ɗanta na bakin mutuwa, ita karatu take so. Sai da na zauna ta damƙe hannuna gam na gane tsoronta ya fi nawa. Na karanta. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba, bakina ne kawai ke aiki. Na gama ta ce in sake, na sake. Har rana ta take muna nan, ba wuta a murhu, garin tsit kamar an yi shara. A zuciyata abu ɗaya nake ta nanatawa, Ubangiji ka dawo mini da shi.

Wajen azahar maigidana ya shigo, takalmi ƙafa ɗaya, ƙirjinsa duk ƙasa. Ya ce a tsakanin kunyoyin dawa ya kwanta, sun wuce dab da shi har yana jin warin fetur. Na durƙusa ina kuka ina godiya, ban ma tambayi komai ba.

Muna haka matar Malam ta yi sallama, goyo a bayanta. Ta dubi maigidana, ya sunkuyar da kai. Ya ce Malam yana bakin hanya yana ɗaurin dami lokacin da suka iso, sun tafi da shi.

Ba ta yi ihu ba. Ta dafa bango ta daɗe, sannan ta juyo wajena. Danga ɗaya ce tsakaninmu, kullum tana jin karatunmu.

"Na ji ku tun safe kuna ta roƙo," ta ce. "Kun sa har da nawa mijin?"