Ranar da Buba Ya Kai Ƙarar Audi

Buba bai taɓa zaton zai riƙe fartanya ba. A rugar mahaifinsa Jauro da ke dajin Bangi aka haife shi, ya tashi da sanda a kafaɗa, ya san kowace saniya da sunanta da na uwarta. Shekarar da ɓarayin daji suka kore garken gidansu kaf, yana da arba'in da ɗaya a duniya. 'Yan'uwansa suka watse, wasu suka nufi Zugurma, wasu suka koma kiwon shanun mutane. Shi kuwa ya ɗauko matarsa Fure da 'ya'yansu huɗu, suka sauka a wata unguwa ta bayan Kontagora, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara.

Maƙwabcinsa wani dattijo ne mai suna Audi, Kirista, mutumin Rijau, wanda ya shekara talatin a wurin yana noman rogo shi da matarsa Rebeka. Audi ya yi makonni yana ganin baƙon zaune gindin mangwaro ya zuba tagumi. Rannan ya tsaya a kansa.

"Buba, zaman nan ba zai ɗora tukunya ba. Akwai fili gefen gonata, mai shi ya ce in samo wanda zai noma. Iri kuwa zan ba ka."

"Baba Audi, ai ni ban iya ba."

"Rogo ba ya tambayar asalin mutum. Gobe ka biyo ni."

Haka aka fara. Audi ya koya masa huɗa, ya nuna masa yadda ake sare itacen rogo guntu-guntu, a kafa shi a karkace idonsa na kallon sama. Ya nuna masa mai ɗaci, wanda sai an jiƙa kwana uku an shanya kafin a ci, da wanda ake dafawa kai tsaye. Hannun Buba ya yi kanta, bayansa ya sage, amma rogon ya kama.

Abin da bai kama ba shi ne zuciyarsa. Ta bayan gidaje yake bi zuwa gona. In ya hango matan Fulani masu tallan nono, sai ya durƙusa cikin ganye har su wuce, kada labari ya kai wa danginsa cewa ɗan Jauro ya koma tonon saiwa. A gida kuma ya kafa doka: ba a cin rogo. Na sayarwa ne, in ji shi, kuma ranar da ya sayar da gona guda zai sayi karsana, ya sake kafa garke.

A shekara ta uku ya samo wani iri mai jan bawo daga Sahon Rami, ya cika gonar da shi. Rogon ya ƙosa, masu saye suka zo suka taya, ya ce bai kai kuɗin karsana ba. Rogo dai rumbunsa ƙasa, sai ya bar shi a ciki yana jiran kasuwa ta tashi. Buhun masarar da ya saya da kaka kuwa ya ga har damina ta sauka ana ta tuwo, sai ya riƙa yabon Fure da iya tattali.

Wata safiya yana zagaya gona ya lura da wani gindi da ƙasarsa ta yi laushi. Ya tona da hannu, ya tarar an yanke babbar saiwar an mayar da ƙasa, itacen na tsaye kamar ba a taɓa shi ba. Gafiya ba ta aiki haka. Ya bi layi, ya sami wajen gindi arba'in. A hanyar komawa ya bi ta ƙofar gidan Audi, sai ga farin rogo shanye a kan tabarma, ga tarin jan bawo a gefe. Ya kuma san Audi ya yi jinya a bara, bai dasa nasa da wuri ba, bai isa tono ba.

Ya shiga gida yana huci, ya gaya wa Fure abin da ya gani. Ta sunkuyar da kai.

"Malam, don Allah ka bar maganar nan."

"In bari? Don ya ba ni iri sai ya cinye ni?"

Bai tambayi Audi ba. Kai tsaye ya wuce wurin mai unguwa Yahya, kuma duk wanda ya gamu da shi a hanya sai da ya gaya masa.

Washegari da hantsi aka taru a ƙofar zauren mai unguwa. Audi ya zo yana dogara sanda, Rebeka na biye. Buba ya yi bayani da ƙarfi, har da cewa tsoho ya ci amanar maƙwabtaka.

"Ranka ya daɗe," in ji Audi, "ban taɓa rogon Buba ba."

"To na kan tabarmar fa?" in ji mai unguwa.

Audi ya dubi matarsa. Rebeka ta ce, "Ba namu ba ne. Ajiya ce."

"Ajiyar wa?"

Ta yi shiru. Aka sake tambaya, ta ƙi magana. Mutane suka fara gunaguni, wani ya ce shirun nan ai amsa ne. Buba ya gyara zama, yana jin gaskiya ta yi halinta.

Sai ga Fure ta ratso taron, ta ja mayafi har goshi. Matar da ko sunan mijinta ba ta faɗi, ta durƙusa gaban maza fiye da ashirin.

"Ranka ya daɗe, ni ce. Masararmu ta ƙare wata uku ke nan. In Malam ya tafi kasuwa nakan je in tono, in kai gidan Mama Rebeka mu jiƙa mu shanya, a niƙa alabo. Ita take ƙara mini da 'yar masararta don kada ya gane. Ni na roƙe ta ta rufa mini asiri."

Wani daga baya ya ce, "Ashe mai ƙara shi ya cinye kayan ƙarar," aka kwashe da dariya, mai unguwa ya tsawatar. Buba bai ji tsawar ba. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Wata uku yana cin abin da ya haramta, yana lashe hannu. Wata uku matar mutumin da ya kira ɓarawo tana ciyar da 'ya'yansa daga rumbunta.

Audi ya miƙe da ƙyar. Bai ɗaga murya ba.

"Taku goma ne tsakanin ƙofata da taka, Buba. Da ka tambaye ni."

Kwana huɗu Buba bai fita ba, ko masallaci. A na biyu ya tambayi Fure abin da ya hana ta faɗa masa.

"Na ga yadda ka koma da aka kwashe shanu," in ji ta. "Da wane baki zan ce maka abinci ma ya ƙare?"

A rana ta biyar ya tafi gidan Audi, ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya tsuguna.

"Baba, na ci mutuncinka a bainar jama'a. Ka yafe mini."

"Na yafe," in ji Audi. "Je ka tone rogonka, ya wuce lokaci."

Rebeka tana tankaɗe a gefe, ba ta ɗago ba. Da ya juya gare ta sai ta ce, "'Yata Charity a coci ta ji ana cewa uwarta ɓarauniya ce. Je ka dai, Buba." Sai da ta shekara ba ta amsa gaisuwarsa da fiye da kalma ɗaya ba, ko da yake ba ta daina hulɗa da Fure ba.

Da ya tone gonar, ya tarar kusan rabin rogon ya zama itace saboda daɗewa a ƙasa. Abin da ya samu buhun masara biyu ya saya da shi, da tunkiya ɗaya. A ranar Juma'a bayan an sallame ya tashi gaban jama'a ya ce Audi ba ɓarawo ba ne, shi ne ya yi masa ƙazafi. Ba wanda ya sa shi, kuma kowa ya riga ya sani, amma ya faɗa.

Bayan shekara biyu gwiwar Audi ta ƙi, 'ya'yansa suka zo da mota suka mayar da iyayensu Rijau. Buba ne ya ɗaure kayan da igiya. Rebeka ta leƙo ta taga ta ce ya kula da Fure, ya ce to.

Yanzu shekara shida ke nan da tafiyarsu. Buba na da gonakin rogo biyu, masu yin garin kwaki na zuwa har gida su saya, kuma bai sake mallakar saniya ba. Ya je Rijau sau ɗaya, da ya ji rasuwar Audi. Ya tsaya can gefe a bakin maƙabarta har aka gama, sannan ya je ya yi wa Rebeka gaisuwa. Ta ba shi ruwa ya sha, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Yana son ya ƙara cewa wani abu, amma gidan cike yake da mutane, sai ya yi sallama ya kama hanyar tasha.