Rumbun da Wayata ta Karkatar

A shekarar da sojoji ke shirin miƙa mulki, kowa a Agiye ya zama ɗan siyasa, ni kuwa na zama ɗan jarida ba tare da kowa ya naɗa ni ba. Na sayar da tsohuwar ƙaramar kyamarata, na sayi waya mai ɗaukar hoto, ina ta cika wa mutane kunne cewa ta fi ta Bature.

Babana maginin rumbu ne a Gangara, kusa da Agiye. Bai taɓa awo da igiya ba, da ido yake aiki. A lokacin nan tsufa ya kama shi, kullum tsoronsa kada idon ya fara yaudararsa. Ya gama wani rumbu, ya ce shi ne gwajinsa: in ya miƙe zai ci gaba, in ya karkace ya ajiye sana'a.

Sai ga ni, gwani! Na ga masu bin 'yan takara suna ɗaukar hoto daga kan moto, wato babur, a guje, na ce ni ma haka zan yi. Na sa ɗan kabu-kabu ya wuce da ni ta gaban rumbun, na danna, na kai wa Baba ina washe baki, ko dubawa ban yi ba.

Rumbu a hoto ya jingina kamar mai jin barci. Baba ya daɗe yana kallo.

"Inji ba ya ƙarya," in ji shi.

Washegari na garzaya wurin mai gyaran waya a Agiye. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai idon da ke cikin tsohuwar kyamarata, CCD, haɗiye hoto yake gaba ɗaya. Na wayar, CMOS, layi-layi yake karantawa daga sama zuwa ƙasa, in kana gudu ƙasa ba ta tarar da sama a inda ta bar ta.

Na koma da la'asar, na iske tarin ƙasa. Baba ya rushe rumbun da hannunsa. Wallahi na ji kamar in nutse.

Don in nuna masa laifin waya ne, na tsayar da shi, na sake hawa moto, na ɗauke shi hoto a guje. Ya fito a karkace. Ya duba, ya miƙo mini wayar.

"Da ni ka fara ɗauka, yaro, da rumbuna na tsaye. Ni ai na san na karkace."