Hajiya Fassouma Tassiou da Jirgin Mijinta

Haihuwa da karatu

An haifi Fassouma a shekarar 1961 a garin Gaya, Jamhuriyar Nijar. Mahaifinta Malam Tassiou tela ne, mahaifiyarta Jimmai kuwa sana'arta suyar kifi. Ta yi karatun allo, ta yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida.

Aure da ƙaura

A 1983 aka ɗaura mata aure da Alassane, matuƙin kwalekwale. A 1999 suka koma birnin Greensboro na ƙasar Amurka, inda ya riƙa lodin kaya a wani sito a titin Wendover, ita kuma tana kitso.

Shekarun jirgi

A 2011 Alassane ya sayi wani tsohon ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska daga hannun wani mutumin garin Summerfield, duk da cewa ƙasan jirgin yana yoyo. A 2014 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya raba shi da aiki da mafi yawan maganarsa. A gida ya kan kau da kai daga abinci, amma iyalin suka lura cewa in an shiga da shi tafkin Townsend a cikin jirgin yana ci.

Daga nan, duk Lahadi in ba lokacin sanyi ba, ɗansu Muzammil yana tuƙi, Fassouma tana durƙushe tana kwarfe ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgin da yankakken galan. An liƙe tsagar da gam, ta sake buɗewa. An sa famfo mai batir, ya ƙone. Da gwiwoyinta suka fara kumbura, 'yarta Houda ta nemi a sayar da jirgin. Amsarta ita ce, "Ni ma na gaji, Houda. To a ina zai ci abinci?"

A 2019 ruwa ya rinjaye ta a tsakiyar tafki har ya rufe idon sawun Alassane, da ƙyar suka kai gaɓa. Lahadin da ta biyo baya suka koma.

Rasuwa

Alassane ya rasu a 2022. Ta bayar da jirgin kyauta, ba ta sake zuwa tafkin ba. Allah ya yi mata rasuwa a watan Maris na 2024 bayan jinyar ƙoda, aka binne ta a maƙabartar Musulmi. Ta bar 'ya'ya huɗu, Muzammil, Houda, Oumaima da Dalila, waɗanda sai a zaman makoki suka ji daga bakin yayarta cewa mahaifiyarsu ba ta taɓa iya iyo ba.