Ranar da Na Ji Maganarki

Mama Nas, da safiyar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, babban ɗanki ya kira ni ya ce kin cika. Kwana biyu kika yi a gadon asibiti ba ki ce uffan ba, ke da bakinki ba ya hutawa.

Shekara goma sha ɗaya, tun da kika yi ritaya daga aikin jinya, kina kafa ɗan teburinki a bayan coci in an tashi daga sujada, kina auna mana jini. Ba mai tsere miki, har Fasto. Maigidana ya taɓa ce miki ya daina shan maganin hawan jini domin ya ba da gaskiya an warkar da shi. Kika harare shi, kika ce Ubangijin da yake dogara gare shi ne ya ba likita basira, ya yi addu'a ya haɗiyi ƙwayarsa. Yana nan da ransa, tun ran Talata ya kasa cin abinci.

Ranar da ɗiyata ta yanke jiki ta faɗi ana tsakiyar waƙa, jama'a suka ja da baya, ana raɗe-raɗin aljanu. Ke kika durƙusa, kika juya ta gefe, kika sa gyalenki ƙarƙashin kanta. Daga baya kika zana mini ƙwaƙwalwa a bayan takardar sanarwa, kika nuna mini farfaɗiya ciwo ce mai magani. Takardar tana cikin Littafi Mai Tsarki nawa har yau.

Abu ɗaya kika fi nanata mana: in baki ya karkace, hannu ya saki, sai asibiti, ba jira. Kika ce sau da yawa ƙwaƙwalwar da ta taɓu ba ta sanin ta taɓu. Mai ciwon zai rantse lafiyarsa ƙalau, kada a saurare shi.

Ran Lahadin nan ina tsaye kusa da ke abin awon ya suɓuce daga hannunki na hagu. Na ga bakinki. Allah ya sani na gani.

"Mama, mu tafi asibiti."

"Gajiya ce, 'yata. Kai ni gida in kwanta."

Wa zai yi musu da ke a kan ciwo? Na kai ki gida, na yi miki addu'a, na ja ƙofa. Sai da yamma surukarki ta tarar da ke a ƙasa. Likita ya ce an makara.

Kullum faɗanki shi ne ba ma jin magana. Rana ɗaya tak da ya kamata in ƙi ji, ranar na ji. Abin nan yana cin raina, Mama.

Ubangiji Yesu ya karɓe ki, ya yi miki jinƙai, ya ba ki hutawa a wurinsa. Ku kuma 'ya'yanta da jikokinta, Allah ya ta'azantar da ku, ya share muku hawaye. In kun iya, ku yafe mini. Ni na ja ƙofar.