Kilo Uku a Dutsen Tuwaik

Shekara goma sha ɗaya ni ne jakin tawagarmu. Mu shida ne, duk direbobi a unguwar Ulaya ta birnin Riyad, kuma in sanyi ya shigo mukan fita bayan Riyad ranar Asabar mu hau duwatsun Tuwaik. Ni ke goya butar shayi, ƙaramin gas, tukunya, tabarma da ruwan kowa. Ba wanda ya ɗora min. Tun a gida aka koya min abin kunya ne namiji ya ɗauki guzurin cikinsa shi kaɗai.

Sai na zame a matakalar gidanmu a unguwar Jaradiya, gwiwar dama ta tashi aiki. Aka yi min tiyata, na yi wata takwas ina dogara sanda. Likita ya ce in hau dutse in na ga dama, amma kada kayan bayana su wuce kilo uku. Abokaina kuwa har sun yanke hukunci: in bi su, in zauna gadin mota. Wannan ya ƙona min rai fiye da ciwon.

Uwargida ta ɗauko sikelin da take auna fulawa, tana fitar da kaya ina gardama. Aka bar min ruwa, dabino, magani da bandeji. Na dubi jakar, kamar ta ɗan firamare, kunya ta rufe ni.

A gindin dutsen na sauko da tsofaffin kayana daga mota, na zube su a ƙasa.

"Mai son shayi, ga kaya nan," na ce. "Yalla, mu je, ni na yi gaba."

Mutum uku suka raba su. Na hau a hankali, ƙafar lafiya gaba, mai ciwon na biye. Sau biyu gwiwar ta yi min gargaɗi, na zauna na lallashe ta. Tsoro kam na ji shi, amma ban juya ba. Da na kai ƙoli na zauna ina kallon sarari, ƙirjina cike da alfahari.

Can sai ga wanda ya kawo shawarar gadin mota, na girme shi da shekara tara, gas a kafaɗa, yana haki. Ya sauke, ya dafa gwiwoyinsa.

"Alhaji, don girman Allah, duk shekarun nan kai kaɗai kake hawa da wannan kaya?"

Na ce ya huta tukuna, sannan ya dafa min shayi, sukari kaɗan.