Tsinke Ya Fara Ɗaga Ƙarfe

Shekararsa hamsin da ɗaya a duniya, talatin daga ciki yana gyaran agogo, kuma abu mafi nauyi da ya taɓa ɗagawa a wurin aiki shi ne agogon bango. Tun yana makaranta ake kiransa Tsinke, sunan kuwa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Wandonsa ba ya zama sai an ƙara wa bel huda biyu. Shagonsa wani ɗan lungu ne tsakanin mai takalma da mai gyaran waya, nan yake wuni da gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tsintar kusoshin da ba su kai ƙwayar shinkafa ba.

Don haka ranar da aka gan shi ya shiga gidan motsa jiki da gajeren wando, mai takalma sai da ya bar ciniki ya fito kallo.

Ba son burgewa ya kai shi ba, mahaifiyarsa ce. Inna tana zaune tare da shi da matarsa a hawa na uku na wani tsohon bene, matattakala arba'in da biyu. Tun da ta zame a banɗaki ta samu tsagewar ƙashi ƙafarta ta daina ɗaukarta, kuma duk Talata sai an sauko da ita an kai ta asibiti gashin ƙashi. Talatar farko Tsinke ya durƙusa, ta hau bayansa, ya yi bismilla ya yunƙura, sai ga su su biyu zaune a kan tabarma. Inna ta dube shi sama da ƙasa, ta tuna masa cewa shekara biyu ta yi tana goya shi, har tana wanki da shi a baya, ba ta taɓa zubar da shi ba.

Daga nan maƙwabta biyu, masu lodin kaya, suka riƙa sauko da ita a kujerar roba. Suna yi da zuciya ɗaya, amma suna yi kamar yadda suka saba, ɗaya na cewa a karkato nan, ɗaya na cewa a kula da kusurwa. Inna ta ce ita ba firji ba ce.

Labari ya kai kunnen Yaya Babba, yayar Tsinke, mai gida shimfiɗe a ƙasa a wani gari mai tafiyar awa huɗu. Ta bugo waya ta yanke hukunci kamar yadda ta saba tun suna yara. Ta ba shi wata huɗu. In har bai iya hawa da sauka da uwarsu da kansa ba, za ta zo da mota ta ɗauke ta. Maganar tana da hujja, abin da ya fi ba Tsinke haushi ke nan. Sai dai Inna da Yaya ba sa awa ɗaya a ɗaki ba su yi faɗa a kan gishiri ko talabijin ba. Ga tagar da Inna ta shekara ashirin tana zama a gabanta, ta san wanda ya yi sabon babur da wadda ta yi yaji a duk layin. Shi kuma Tsinke bai san yadda ake fara yini ba tare da ya sha shayi a gefen gadonta tana kushe masa riga ba. Tsoro ya kama shi sosai.

Kocin gidan motsa jikin wani ƙato ne da Allah bai ba wuya ba, kai kawai aka ɗora a kan kafaɗu. Ya matsa damtsen Tsinke da yatsa biyu, ya girgiza kai kamar mai ta'aziyya. Sannan ya bayyana masa cewa ƙarfe yaga tsoka yake yi, abinci ne ke ɗinke ta, don haka da ya gama ɗagawa ya sha abu mai furotin kafin rabin awa. Ya nuna masa wani gari a cikin babbar roba. Tsinke ya ƙi. Mutumin da ya saba buɗe bayan agogo ya ga abin da ke ciki ba zai sha garin da bai san ubansa ba. Ya ce shi zai haɗa nasa.

Haɗin farko ya shiga tarihin gidan. Ya zuba madara, ayaba, soyayyar gyaɗa, garin waken suya, dabino da ɗanyen ƙwai biyu a bilendar matarsa, bai tambayi abin da aka markaɗa a ciki da safe ba. Attarugu ne. Ya kafa kai ya shanye saboda kada a ce ya kasa, hawaye na zuba, hanci na zuba. Matarsa ta jingina da ƙofar kicin tana dariya har da riƙe ciki, ta ce da ya tambaya da ta ƙara masa albasa.

Washegari Koci ya hana shi ɗanyen ƙwai, sai ya koma dafawa yana ci a gefe. Matarsa ta ware masa kofin bilenda nasa shi kaɗai. Sauran kuwa ya mai da shi aikin agogo. Ya kawo ɗan ma'aunin shago yana auna gyaɗa. Madara kofi ɗaya da rabi, ba ƙari ba ragi. Dabino uku, a cire ƙwallo, a jiƙa minti goma. Markaɗe daƙiƙa arba'in da biyar, yana tsaye da agogo biyu a hannu saboda bai yarda da guda ɗaya ba. Kullum bayan la'asar haka yake dawowa yana jan ƙafa, ya haɗa, ya sha a tsaye, ya je gaban madubi ya lanƙwasa hannu. Abin da yake gani a madubin, shi kaɗai yake ganinsa.

A mako na goma ya ce a sallami masu lodi. Ya durƙusa, Inna ta hau, ya yunƙura, sai ya ji ya miƙe cak. Ya sauka matattakala arba'in da biyu ko haki bai yi ba. A cikin tasi har ya fara tsara yadda zai ba Koci labari.

A asibiti nas ta ɗora Inna a kan sikeli, ta duba kati, ta sake ɗora ta. Ta juyo ta tambayi Tsinke ko a gidansu ana dafa abinci. Kilo goma sha ɗaya tsohuwar ta zubar cikin wata biyu da rabi, kuma da irin wannan rama ƙashin ba zai taɓa haɗewa ba. Tsinke ya tsaya baki buɗe. Ya auna gyaɗa, ya auna madara, ya auna damtsensa da zare, bai taɓa kawo wa ransa ya dubi wuyan hannun uwarsa ba.

Matarsa ta rantse kwano fes yake dawowa daga ɗakin Inna. Sai da ya leƙa ta tagar ya gane. Can ƙasa kan rufin shagon mai wanki, kuliyoyi huɗu ne kwance, kowacce ta yi ƙiba har ba ta iya lasar bayanta.

Inna ba ta yi musu ba.

"Na ga hannuwan nan naka," in ji ta. "Na ce in na tsaya jiran su girma, a gidan yayarka za a yi mini wanka. Shi ne na ce bari in taimaka maka ta nawa ɓangaren."

"Inna, da yunwa?"

"To da me? Ƙarfen zan ɗaga?"

Ya fita, ya shiga kicin ya rufe ƙofa, ya kunna bilenda. Ranar ta fi daƙiƙa arba'in da biyar tana ƙara, matarsa kuma ba ta ƙwanƙwasa ba. Da ya fito da kofi biyu ya fito. Ya gaya wa Inna sharaɗinsa: kullum za su sha tare, ta cinye abincinta a gabansa, duk kilon da ta ƙara shi kuma zai ƙara kilo a kan ƙarfensa. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce ko maganin tsutsar ciki ya fi wannan daɗi. Ta dai shanye.

Yaya Babba ta iso ranar Talatar da wa'adi ya cika, da direba da jaka da fuskar mai gaskiya. A ƙasan bene ta tare su sun dawo daga asibiti. Ta ce saukowa ba gwaninta ba ce, hawa take son gani. Inna ta mai da kilo shida a lokacin, Tsinke kuwa ya ji kowane ɗaya daga cikinsu tun a matakala ta biyar. A hawa na biyu numfashinsa ya koma kamar na tsohon famfo. Yaya na biye da su tana cewa ai dama ta faɗa.

Inna ta sa baki a kunnensa. "Ko in sauka in goya ka?"

Dariya ta kusa kayar da su duka. Ya dafe bango, ya gyara ta a bayansa. Nauyinta ya danne masa kafaɗu, bayansa na ƙara, kuma tun da yake bai taɓa jin daɗin wahala irin wannan ba. Ya ci gaba da hawa ɗaya bayan ɗaya, har ya dire ta a kan kujerarta ta gaban taga, shi kuma ya zube a ƙasa yana neman iska.

Yaya ta daɗe tana kallonsu daga bakin ƙofa. Sannan ta ajiye jaka, ta leƙa ta tagar, ta ce wa direba ya naɗe katifar da aka shimfiɗa a bayan mota.