Bakacen Inna Talatu

Duk wanda ya taɓa kallon katun ɗin Ikilima Abdulsamad, ko na rigakafi ko na ajiyar hatsi, ya ga wata mace a gefe tana bakacen gero. Fuska takan canza, zane yakan canza, amma bakacen ɗaya ne. A ɗaga faifai sau uku, a na huɗu sai hannun ya tsaya cak a sama, sannan ya ci gaba. To, wannan bakacen na Inna Talatu ne, mahaifiyarta.

Ikilima 'yar Sara ce ta ƙasar Gwaram. Tun tana firamare ba ta barin bango ya huta da gawayi, har Inna ta gaji da faɗa ta koma ajiye mata gawayin. Da ta tafi karatu Kano ta koyi zane mai motsi a kwamfuta, shi ke nan gida ya koma sai Sallah sai Sallah. Kullum da dalili: jarrabawa, aiki, wani aikin kuma. Tana can Inna ta rasu, ko jana'iza ba ta samu ba.

Inna kuwa ba ta yarda da hoto ba ko kaɗan. Abin da ya rage kawai wani ɗan bidiyo ne da ƙanwar Ikilima, Munawwara, ta ɗauka a ɓoye, Inna na bakace a tsakar gida. Ikilima ta zauna da bidiyon nan sati biyu, ta kashe sautinsa don kada ya ɗauke mata hankali, tana bin hannun Inna. Duk inda hannun ya sauya sai ta dasa ɗigo a layin lokaci. Masu sana'ar kifirem suke cewa, ita kuwa turke take kiransa, don a nan ake ɗaure motsi. Turke goma sha bakwai suka tashi. Ta ajiye motsin da suna, yadda duk macen da ta zana, a kowace shimfiɗa ta hoton take, ta gaba ko ta baya, sai ta ɗora mata shi kawai. Daga baya aka sace wayar da bidiyon ke ciki a tasha, ya tafi da ita.

Ta dawo ta buɗe ɗan shago a Birnin Kudu. A nan wani Malam Maikano, jami'in wata ƙungiyar manoma, ya kawo mata aiki. Mutumin kirki ne, amma wallahi akwai shi da tsinannen duba. Ya leƙa allon ya ce, "Malama Ikilima, waccan matar ta baya kamar tana maƙalewa. A gyara mana."

Ikilima na sauri, ga wuta na shirin ɗaukewa. Ta shiga ta goge turaku biyun da ke riƙe da tsayuwar, ta matso da sauran, ta adana, ta rufe. A zatonta mace ɗaya ta gyara. Ashe! Ba ta ware kwafi ba, uwar motsin ta taɓa. Washegari ta buɗe, ga matan kowace shimfiɗa suna bakace sumul kamar inji. Ta duba tsofaffin ayyukanta, su ma daga ma'ajiya ɗaya suke ɗauka. Waɗanda ta riga ta fitar kuwa, matar 'yar mitsitsiya ce a can baya, an hanzarta ta, ba a iya auna tsayuwar.

Ta yi kuka, kuka sosai, irin wanda ba ta samu ta yi ba ranar rasuwar. Kwana uku tana dasa turke tana cirewa. Ta sa tsayuwar gajere, ba Inna ba ce. Ta tsawaita, ba ita ba ce. Kan Inna ma ta kasa tuna inda yake karkata. A da ta ɗauka gajiya ce kawai ke tsayar da hannun, shi ya sa ba ta taɓa tambayar kowa ba.

Ranar Juma'a ta hau mota zuwa Sara. Ta tarar da mahaifinta, Malam Abdulsamad, a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Bayan gaisuwa ta buɗe kwamfutar ta nuna masa.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Hannun nata ne. Amma wannan ba ta jiran kowa."

"Jira kuma, Baba?"

Tsohon nan da bai taɓa riƙe faifai ba a rayuwarsa ya ce a miƙo masa ɗaya. Ya ɗaga sau uku, a na huɗu ya tsaya, ya karkata kunne wajen titi.

"Haka take yi in ta ji ƙarar mota daga wajen Birnin Kudu. Da can ba ta yi. Tun da kika tafi Kano ta fara."

Ikilima ta tuna sautin da ta kashe sati biyu cur. Amma mai sana'a ce, dole ta san tsawon abin. Ta ce, "Baba, tsayuwar takan kai yaya?"

"Sai motar ta wuce gidan," in ji shi. "In ta wuce, sai ta ce, ‘To, ba yau ba,’ ta ci gaba."

A nan zauren Ikilima ta dasa turke ɗaya, ta riƙe na biyun ba ta sauke ba. Ita da Baba suka kasa kunne, faifai a sama, suna jiran wata mota ta zo ta wuce don ta auna.